Makarantu goma da jami'a ɗaya: yadda aka yi fama da aljabara a wata gunduma ta Afirka ta Kudu

## Wurin da yanayinsa

Wannan nazari ne na wani shiri da wata jami'a ta fara a 2010 da malaman lissafi na makarantu goma, don gyara koyar da aljabara, wato lissafin da ake sa haruffa a madadin lambobi. Gundumar ilimin da ya shafa tana lardin Gauteng na Afirka ta Kudu, lardin da birnin Johannesburg yake. Rahotannin aikin sun sakaya sunayen makarantun da na malaman, don haka a nan ma za a bar su a rufe. Makarantun sakandare ne na gwamnati guda goma. Wasu suna cikin unguwannin bayan gari da gwamnatin wariyar launin fata ta keɓe wa baƙar fata, inda ba a biyan kuɗin makaranta. Wasu kuma suna cikin gari, ana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Galibin ɗaliban 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne. Da Turanci ake koyar da su, alhali a gida Zulu ko Sotho ko Tswana ko Xhosa suke yi, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da harsuna huɗu ko biyar a aji ɗaya.

Sakandare a can daga aji 8 take farawa zuwa aji 12, shekarar karatu kuwa daga Janairu zuwa Disamba. Aji 9 ya zo daidai da aji uku na ƙaramar sakandare a Nijeriya, aji 10 kuma aji ɗaya na babba. A mahaɗar waɗannan azuzuwa biyu hanya ke rabuwa. Tun 2006, a yawancin makarantu wanda zai shiga aji 10 sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: cikakken lissafi, ko lissafin yau da kullum, wanda ya ƙunshi kasafin kuɗi da awo da kuɗin ruwan bashi da karanta taswira. Wanda ya ɗauki na biyun, ƙofar aikin injiniya da likitanci da yawancin kwasakwasan kimiyya ta rufe masa tun yana ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida.

Matsalar tana da asali. A 1953 aka kafa dokar ilimin baƙar fata, kuma ministan da ya kawo ta, Hendrik Verwoerd, ya fito fili ya tambayi amfanin koya wa yaron baƙar fata lissafi tunda ba za a bar shi ya yi aiki da shi ba. Kwalejojin da suka horar da malaman baƙar fata a wancan zamani da ƙarancin kayan aiki da ƙarancin lissafi suka yi ta yaye mutane. Mulkin wariya ya faɗi a 1994, amma malaman da ya horar su ne suka ci gaba da riƙe alli, su ne kuma suka koyar da na bayansu. Daga nan aka yi ta sauya manhaja: wata a ƙarshen shekarun 1990, gyararta a farkon shekarun 2000, sannan wata sabuwa da ta shiga aji 10 a 2012 ta kai aji 12 a 2014. Wannan ta ƙarshe ta mayar da lissafin siffofi da kusurwoyi mai buƙatar kafa hujja ya zama wajibi, bayan shekarun da aka yi yana matsayin ganin dama, makarantu da yawa ma sun daina koyar da shi.

Akwai kuma ƙa'idar cewa ba a maimaita wa ɗalibi aji fiye da sau ɗaya a kowane mataki na karatu. Saboda haka yaro kan hau aji na gaba da ramin da ya taho da shi daga baya.

## 2010: abin da gwajin farko ya tono

A 2010 gidauniyar bankin FirstRand da ma'aikatar kimiyya da fasaha ta ƙasar suka ɗauki nauyin wasu kujerun farfesa na ilimin lissafi, hukumar bincike ta ƙasa tana kula da su. Sharaɗin kujerun ya bambanta da na sauran: ba bincike kaɗai ake so ba, dole mai kujerar ya ɗauki wasu makarantu ya yi aiki da malamansu shekara biyar, a ga koyarwa ta gyaru, sakamakon ɗalibai ya ɗaga, kuma a rubuta abin da aka gano. Ɗaya daga cikin kujerun ta faɗa hannun Farfesa Jill Adler ta Jami'ar Witwatersrand, wadda ake kira Wits. Ita da abokan aikinta da ɗalibanta masu neman digiri na biyu da na uku suka kafa shirin Wits Maths Connect Secondary, aka haɗa su da makarantu goman nan.

Abin da suka fara yi shi ne gwada ɗalibai. Ba su ƙirƙiri sabuwar jarrabawa ta aljabara ba. Sun ɗauko tambayoyin wani tsohon bincike da aka yi a Ingila a shekarun 1970, wanda aka tsara wa yara 'yan shekara goma sha uku zuwa sha biyar. Tambayoyin ba su da wuyar lissafi, an gina su ne don su nuna yadda yaro ya ɗauki harafi idan ya gan shi a cikin lissafi.

Ga ɗaya: a ƙara 4 a kan 3n. Amsa ita ce 3n + 4, a bar ta haka. Yara da yawa sai su rubuta 7n, domin a ganinsu amsar da ke ɗauke da alamar tarawa ba ta ƙare ba, sai an dunƙule ta. Ga wata: wanne ya fi girma, 2n ko n + 2? Wanda ya ɗauki n a matsayin lamba ɗaya da aka ɓoye zai ce 2n, saboda ninkawa ta fi tarawa. Wanda ya gane n tana iya zama kowace lamba zai gwada: in n ta zama 1, to 2 ne da 3, in ta zama 2, an yi kunnen doki a kan 4, in ta zama 3, to 6 ne da 5. Amsar ta dogara da ƙimar n. Duk lissafin aji 10, musamman dangantakar x da y da zanenta, a kan wannan fahimta yake zaune.

An bi ɗalibai 250 da wannan gwaji tun daga aji 9 har aji 11. Kurakuran da suka fi yawa su ne dunƙule abubuwan da ba sa dunƙuluwa, tuntuɓe da lambobin ƙasa da sifili, rikicewa da baka, wato alamar ( ), da kuma sa wa harafi wata lamba ta ƙashin kai don a samu amsa guda. An kuma ga wani abu da masu binciken suka jaddada: wasu kurakuran daga abin da aka koyar suka fito. Yaron da ya koyi cewa a sau a shi ne a², sai ya kai dokar wurin tarawa ya rubuta 3a + 2a = 5a². Da aka zauna da yaran ana tambayarsu, sai aka tarar yawancin amsoshin da ke kama da shirme suna da dalili a bayansu, wata doka ce ta gaskiya aka ɗauke ta aka kai inda ba wurinta ba. Kurakuran suna raguwa yayin da ɗalibai ke hawa aji, amma a makare, bayan an riga an wuce darussan da ke buƙatar a ce sun kau.

Ba makarantun nan kaɗai ba ne. Jarrabawar ƙasa ta shekara-shekara da aka yi wa 'yan aji 9 ta ba da matsakaicin maki 13 cikin 100 a lissafi a 2012, da 14 a 2013, da 11 a 2014.

## 2010 zuwa 2011: aiki a cikin makarantu

Tsarin farko shi ne jami'a ta je wurin malamai. Ma'aikatan shirin sukan shiga makarantu, su zauna da malaman lissafi, a baje takardun ɗalibai a duba kurakuransu, a tattauna darasin da za a shirya don gyara su. A takarda tsarin ba shi da aibi. Malami bai bar ajinsa ba, abin da ake magana a kai daga ɗalibansa ya fito, kuma ba wanda aka ce masa ya koma ɗalibi.

Bai ba da abin da aka zata ba. Zaman gajere ne, kuma yana zuwa ne a lokacin da malami ya gama ihu a gaban cikakken aji tun safe, ga takardun maki na jiransa, ga taron ma'aikata, ga motar haya da zai kama. Sau da yawa ba kowa ke samun zuwa ba, kuma malamai na sauya aji ko makaranta, wanda aka fara da shi ba lalle ne a ƙare da shi ba. Ga kuma jadawalin ma'aikatar ilimi ta lardi, wanda ya tsara abin da za a koyar mako-mako, jami'an gunduma suna bibiya. Malamin da ya tsaya gyara abin da yara suka rasa a aji 7, shi za a tambaya dalilin da ya sa bai kai inda jadawali ya ce ba.

Babban cikas ɗin kuwa a cikin lissafin kansa yake. Duba kuskuren ɗalibi yana amfani ne idan mai dubawar yana da wani bayani na daban da zai bayar. Makarantu sun saba ajiye ƙwararrun malamansu a aji 11 da 12, domin da sakamakon jarrabawar fita ake auna shugaban makaranta. Aji 8 da 9 sai a bar wa wanda ya samu: wanda aka horar don firamare, ko wanda ya karanta wani fanni aka cike gurbi da shi. Irin wannan malami yana iya warware tambayar littafi ya samu amsa daidai, amma in aka ce me ya sa hanyar ke aiki, sai ya maimaita dokar da ƙarfi.

Darussan da aka zauna aka kalla, wasu aka ɗauka a bidiyo, sun nuna siffar abin. Misalai suna zuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani zare da ya haɗa su ba. Bayani yakan tsaya a kan yadda abu yake a ido da inda yake a kan allo: a tsallaka da wannan ɗaya gefen sai alamarsa ta juya, wannan ya soke wancan. Akwai kuma dabarar da ta yaɗu a duniya ta cewa a tuffa ce, b ayaba, saboda da waɗannan haruffa sunayensu na Turanci suka fara, don haka ba a tara 2a da 5b. Dabarar takan yi aiki ranar da aka faɗe ta. Washegari yaro ya ce tuffa biyu da ayaba biyar 'ya'yan itace bakwai ne, ya rubuta 7ab, kuma bisa abin da aka gaya masa bai yi ƙarya ba. In aka zo a sau b kuwa, tuffa sau ayaba ba ta da ma'ana ko kaɗan. Su kuma ɗalibai, rabonsu a darasin shi ne amsa "eh" baki ɗaya, ko ƙarasa kalmar da malami ya fara.

## 2012: malamai sun koma kan benci

A 2012 aka juya tsarin. Maimakon jami'a ta riƙa leƙa makarantu na ɗan lokaci, sai malamai suka riƙa zuwa jami'a su wuni. Sashen ilimi na Wits yana unguwar Parktown, a harabar tsohuwar kwalejin horon malamai ta Johannesburg da aka haɗe da jami'ar a 2001, kwalejin da a zamanin wariya ta farar fata ce.

An buɗe kwas biyu. Na farko, Transition Maths 1, na malaman da ke koyarwa a mahaɗar aji 9 da 10 ne. Na biyu na masu manyan azuzuwa ne, yana duban mahaɗar sakandare da jami'a. Kowanne kwana 16 ne cikakku, an raba su gida takwas, kwana bibbiyu, a baje cikin shekarar karatu. Tsakanin zama da zama akwai aikin gida da za a kawo, akwai kuma gwaji. Wannan ba ya yiwuwa sai da hannun gunduma da shugabannin makarantu, domin su ne za su saki malami a ranakun aiki.

Kusan kashi uku cikin huɗu na lokacin kwas na farko lissafi ne tsagwaronsa, kashi ɗaya ya tafi kan koyarwa. Aljabara da dangantakar x da y suka ɗauki kaso mafi tsoka, sai lissafin siffofi da kusurwoyi, da tirigonometiri, wato lissafin kusurwoyi da tsawon gefunan alwatika. Hanya biyu aka bi. Ta farko ita ce komawa kan lissafin da malami ya riga ya sani yana kuma koyarwa, a tona ƙarƙashinsa. Ta biyu ita ce koyon wanda ke gaba da ajin da yake riƙe, don malamin aji 9 ya san inda darasinsa zai kai yaro a aji 11, kuma in buƙata ta taso ya iya hawa aji 10 da ɗalibansa.

Misalin komawa kan sananne: a ɗauki 2x + 3 = 11. Kowane malami zai samo 4 cikin daƙiƙa kaɗan. Tambayar ita ce me ya faru da 3 ɗin. Ba tsallakawa ta yi ba, cire 3 aka yi daga kowane gefe domin daidaiton ya tsaya yadda yake. Wanda ya riƙe wannan ba zai rikice ba in ya zo 2x = 8, inda mai dokar tsallakawa kan juya alamar 2 ya raba da −2. Daga nan sai a tambaya me ake nufi da cewa 4 ce amsa, a mayar da ita a gani. Sai a zana y = 2x + 3 a ga inda layin ya kai 11. Tambaya ɗaya ta aji 8 ta zama ƙofar darasin aji 10.

Wani abu da zaman jami'a ya samar, wanda zaman makaranta bai iya ba, shi ne wurin da malami zai ce bai gane ba. A ɗakin malamai, gaban shugaban sashe da abokin aikin da ake haɗa ido da shi kullum, faɗin haka na da nauyi. A cikin malamai daga makarantu daban-daban, kowa da fensir yana kokawa da tambaya ɗaya, nauyin ya ragu.

## 2013: awo

Kwas na iya yi wa mahalarta daɗi ba tare da yaro ko ɗaya ya ƙaru ba. Don haka a 2013 aka auna ɗalibai. An ɗauki 'yan aji 10 a makarantu biyar daga cikin goman, aka yi musu gwaji ɗaya a farkon shekara da kuma wajen ƙarshenta. Ɗalibai 586 malamansu sun yi kwas, 217 kuma malamansu ba su yi ba, kuma duka rukunin biyu a makarantu ɗaya suke, unguwa ɗaya, manhaja ɗaya.

An buga sakamakon a 2015 a wata mujallar ilimi ta ƙasar. Ɗaliban malaman da suka yi kwas sun fi ɗaya rukunin ƙaruwa, da tazarar da ƙididdiga ta nuna ba dace ba ce kawai. Tazarar ƙarama ce: masu binciken sun kwatanta ta da ƙarin karatun kusan wata biyu. Makin rukunin biyu duka ya kasance ƙasa ko a gwajin ƙarshe. Kuma ba da ƙuri'a aka zaɓi wanda zai yi kwas ba, don haka akwai yiwuwar waɗanda suka shiga tun asali sun fi himma.

## Ƙarshen zangon farko: komawa aji da wata siga

Bidiyon darussan malaman da suka yi kwas ya nuna sauyi, amma ba bai-ɗaya ba. An fi ganinsa a zaɓen misalai. Bayani da ba wa ɗalibai damar magana sun fi taurin sauyawa. Daga wannan nazari Adler da abokiyar aikinta Erlina Ronda suka fitar da ma'aunin duba darasi, suka wallafa shi a 2015, aka kuma sauƙaƙa shi ya zama abin da malami zai iya ajiyewa a gabansa yana shirya darasi. Abu huɗu yake tambaya. Me ake so yaro ya sani ya kuma iya a ƙarshen wannan darasi? Waɗanne misalai da ayyuka da zane za a kawo, kuma a wane jeri? Waɗanne kalmomi za a yi amfani da su, kuma da wace hujja za a ce abu daidai ne? Me ɗalibai za su faɗa, su rubuta, su yi da kansu?

Da wannan ma'auni aka koma makarantu, ta hanyar nazarin darasi irin na Japan, amma an rage shi ya dace da halin wurin. Malamai daga makarantun da ke kusa da juna sukan haɗu da wani daga jami'a, rana ɗaya a mako bayan an tashi, mako uku a jere. Makon farko a shirya darasi tare. Na biyu ɗaya daga cikinsu ya koyar da ɗalibai na gaske, sauran na zaune suna kallo, sannan a tattauna. Na uku a sake koyar da shi bayan an gyara.

Ɗaya daga cikin darussan da aka rubuta labarinsu ya shafi sauƙaƙa jimlar aljabara mai baka a wurare daban-daban. Dabarar ita ce a bar lambobi da haruffa yadda suke, a riƙa matsar da baka kaɗai. Jeri irin wannan ke nan:

x + 3x + 5
x + 3(x + 5)
(x + 3)x + 5
(x + 3)(x + 5)

Littafin aji zai ba yaro tambaya ashirin, kowace da nata lambobi, ya yi ta yi bai san me ke sauyawa ba. A nan kuwa komai iri ɗaya ne in ban da baka, don haka dole idonsa ya sauka a kanta. Yaro da ya saba ganin baka ya hau ninkawa zai mayar da ta biyu da ta uku duk su zama ta huɗu. Malami ba sai ya ce masa ya yi kuskure ba. A sa 2 a madadin x: ta farko ta ba da 13, ta biyu 23, ta uku 15, ta huɗu 35. Jimloli huɗu ne daban, kuma yaro da kansa ya gani. Sai tambaya ta biyo: a ta biyu, me 3 ke ninkawa, me ya sa x ta farko ba ta shiga ba? Nan ne ake jin ko malami yana da bayani ko doka kawai ya haddace, nan ne kuma yaron da Turancinsa bai nuna ba yake samun abin da zai nuna da yatsa ya yi magana a kai.

## 2015 zuwa 2019

An sabunta kujerar zuwa wasu shekaru biyar. Kwas na farko ya zama ƙashin bayan shirin, aka buɗe shi ga malamai daga wasu gundumomin Gauteng, ma'aunin mai tambaya huɗu kuma ya shiga cikin ɓangaren koyarwa na kwas ɗin. Jarrabawar ƙasa ta aji 9 ta tsaya a 2015 bayan ƙungiyoyin malamai sun ƙi amincewa da ita, don haka aka rasa wannan hanyar auna ɗalibai. A gwajin ƙasa da ƙasa na TIMSS, makin 'yan aji 9 na Afirka ta Kudu a lissafi ya tashi daga 352 a 2011 zuwa 372 a 2015, ya kai 389 a 2019. Wannan na ƙasa baki ɗaya ne, kuma shirin da ya taɓa ɗan yanki na lardi ɗaya ba shi da hurumin cewa shi ya jawo.

## Abin da za a iya yankewa

A ganina tsarin farko bai gaza don ra'ayin banza ne ba. Ya gaza ne don an sa shi a gaba, alhali a baya ya kamata ya zo. Zaman malamai su tattauna kurakuran yara yana ɗauka cewa lissafin yana hannu, saura dabarar isar da shi. Inda ba haka abin yake ba, gini ne a kan tubalin toka. Hujjar ita ce da aka dawo da zama irin wannan bayan kwas, da malaman da suka sha lissafi kwana 16 kuma suke da tambayoyi huɗu da kowa ya sani, ya samu abin kamawa. Mutanen kusan su ne, makarantun su ne, gajiyar yamma ma tana nan.

Abu na biyu da ya yi aiki shi ne ƙuntata buri. Matsalolin makarantun nan sun fi a ƙirga: cunkoso, yunwa, harshe, shugabanci. Jami'a ba ta da maganin yawancinsu, kuma shirin bai yi da'awar yana da shi ba. Ya zaɓi mahaɗar aji 9 da 10, a cikinta ya zaɓi aljabara, a cikin koyarwa kuma ya fi dogara ga zaɓen misalai. Wannan na ƙarshe ya fi kama jiki, ina jin saboda shi ne abin da malami zai iya sauyawa daren yau a kan teburinsa ba tare da izinin kowa ba, kuma bai saɓa wa jadawalin gunduma ba. Tambaya huɗu a kan allo maimakon ashirin ba ta cin ƙarin lokaci.

Kowane ɓangare kuma ya kawo abin da ɗayan ba shi da shi. Jami'a ta kawo lissafi, da wuri, da ɗaliban bincike masu lokacin zama su kalli bidiyon darasi ɗaya sau da yawa. Makarantu sun kawo aji na gaske, wanda shi ne ya rushe tsarin farko ya tilasta na biyu. Gunduma ta kawo ranakun aiki. Wanda ya san yadda alaƙar tsangayoyin ilimi da makarantu take a Nijeriya, inda galibi ba ta wuce tura ɗalibai koyon koyarwa da zuwan malami ya ba su maki, zai ga bambancin: a nan malaman da ke bakin aiki ne abin nufi, kuma an ɗaure jami'a da makarantu ɗaya shekara biyar, tsawon da ya isa ta yi kuskure ta gani ta gyara. Bita ta kwana uku a otal ba ta kai lokacin da za a gane ta gaza ba.

Game da ƙarin wata biyu, bai kamata a raina shi ba, bai kuma kamata a kambama shi ba. Shirye-shiryen horar da malamai kaɗan ne ke yarda a auna su da takardar ɗalibi, tare da rukunin kwatanci a makaranta ɗaya, sannan su buga sakamakon da bai burge ba. Amma yaron da ya shigo aji 10 da giɓin shekaru, wata biyu ba za su fitar da shi ba. Kuma kuɗin ba kaɗan ba ne: kwana 16 ajin malami ba shi, a makarantar da ba ta da wanda zai riƙe masa, ga albashin ƙwararrun da ke koyar da rukuni ƙarami. Abin da ya yiwu da makarantu goma da kuɗin gidauniyar banki, ba a nuna zai yiwu da dubbai da kasafin ma'aikata ba.

Giɓin kansa daga ƙasa yake tasowa. Yaron da ke rubuta 7n a aji 9 sau da yawa shi ne wanda a aji 5 yake zana 'yan sanduna yana ƙirgawa ɗaya-ɗaya don ya tara 38 da 25. Malamin sakandare, komai ƙwarewarsa, a makare yake karɓarsa. A 2011 aka kafa wasu kujeru biyu irin wannan don firamare, ɗaya a Wits ƙarƙashin Farfesa Hamsa Venkat, ɗaya a Jami'ar Rhodes ƙarƙashin Farfesa Mellony Graven, su yi aiki da malaman ƙananan azuzuwa a kan fahimtar lamba tun kafin harafi ya shigo.